Idon Baba da Mai Wutsiya

Litinin, 7 ga Oktoba

Baba ya ƙi zuwa asibiti. Yau ce ranar aikin idonsa na dama, shi kaɗai ya rage masa. Na goge masa riga, na kira mai mota, sai ya zauna bakin gado ya ce ba inda za shi sai tauraruwar nan mai wutsiya ta fito. Wai bayan aiki ido kan daɗe yana gani dishi-dishi, kafin ya washe ta wuce. Na ce, "Haba Baba, tauraruwa za ta ba ka ido?" Ya ce in rage murya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na je wurin likita ni kaɗai. Ta ce ciwon daga gefe yake cin gani yana matsowa tsakiya, kuma abin da ya tafi ya tafi. "Kada ku biye masa." Sai ka ce ni na haife shi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun hau saman bene da faɗuwar rana, hannunsa a hannuna, kujerarsa a ɗayan. Gajimare kawai. Yaya ya bugo waya, wai in lallaɓa shi. Shi ya zo ya lallaɓa mana!

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gajimare kuma. Baba ya ci karo da bokitin bakin ƙofa, ya ce ni na canza masa wuri. Bokitin da tun Mama na da rai nan yake zama. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Talata, 15 ga Oktoba

Sama ta washe. Na duba yamma har wuyana ya ƙage, ban ga komai ba, na ce mu sauka sauro na cina. Ya ce ai ba a zuba mata ido, gefenta ake kallo, sai ta faɗo ta wutsiyar ido. Na gwada don ya ƙyale ni.

Wayyo Allah. Ga ta nan, fara sol, jelarta a miƙe sama kamar hayaƙi. Ban san na yi ihu ba.

Na kama kansa na saita masa. Ya kalli gefe. Ya sake juyawa, ya sake. Can ya ce, a hankali, "Auta, gefen ne babu." Wallahi na so in zagi wani, na rasa wa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Da kansa ya sa riga ya jira mai mota. An yi aikin. Likita ta ce abin da ya saura kaɗan ne, kamar leƙe ta ramin makulli, shi ma sai an buɗe za a sani. Ban tambaye ta ko jinkirin ne ya jawo ba. Ba na son amsar.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Gobe za a cire bandejin. Ya ƙi cin abinci.

Da yamma na hau sama kwashe shanya. Ta dusashe, amma ba ta tafi ba. Na ɗan tsaya, ba wani daɗewa.

Da na sauko ya ji motsina. "Tana nan?"

Na ce ni ban duba ba, shanya na je kwashewa.

Ya miƙo hannu ya laluba nawa, duka biyun. Ba komai a cikinsu. Bai sake su ba.