Fankar Ɗakin Baba

Litinin, 2 ga Yuni

Na shuka irin barkonon Inna. Ƙwaya tara suka rage a ambulan ɗin da ta bari, Allah ya ji ƙanta. Babu inda zan samo wani. Tun da aka ɗaga benen maƙwabta rana ta daina shigo mana, don haka na haɗa fitilar LED da kaina, ƙwai goma sha biyu, na rataya a kusurwar ɗakin Baba. Nan ne kawai ke da wuri. Kuma shi ma yana son ya gani.

Laraba, 4 ga Yuni

Fitilar tana zafi fiye da yadda na zata. Minti ashirin, ba ka iya taɓa bayanta. Hanya biyu ce. Ko in ɗaura mata fanka in bar ta da cikakken haskenta, ko in manna ta a ƙaton farantin alminiyam mai haƙarƙari wanda zai sha zafin shiru, in rage wuta.

Baba ya nuna ƙarƙashin gado da hannunsa mai lafiya. Na san abin da ke wurin, farantin tsohuwar amfilifayarsa. Shekara talatin yana gyaran rediyo, shi ya koya min riƙe ƙarfen dalma, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye kalma ɗaya sai ta ɗauke shi minti guda. Ya fara, "Uwata, abin da ke juyawa..." Na ce na gane, Baba. Na ɗauko fankar tsohuwar kwamfuta na ɗaura.

Asabar, 7 ga Yuni

Zafi ya sauka. Fankar tana ƙugi kamar ƙudan zuma a tulu, awa goma sha shida kullum. Na tambayi Baba ko ta dame shi, ina bakin ƙofa, ban ma tsaya jin amsa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Bakwai sun tsiro! Na yi kuka a bayi don kada ya gani.

Talata, 17 ga Yuni

Na dawo daga shago da la'asar, tun daga falo na ji ƙauri. Fanka a tsaye, fitila a kunne. Baba ne ya ja wayar fankar da sandarsa don ya samu barcin rana, ya bar fitilar wai kada tsiron Inna ya rasa haske. Ƙwai biyar sun ƙone, robar ta narke ta ɗiga, tsiro huɗu sun kwanta.

Na ɗaga masa murya. Ni, wai ni. Na ce, "Kai da ka koya min aikin nan, ba ka san abin da zafi ke yi ba?" Bakinsa yana motsi, na kwashi tukwanen na fita.

Da can ya sani. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Laraba, 18 ga Yuni

Uku suka rage. Ban je shago ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Yaya ta kira. Na zayyana mata komai ina jiran ta taya ni jin haushi, sai ta ce, "Kwana goma sha uku yana kwance ƙarƙashin injin niƙa, ke ba ki iya awa ɗaya a ɗakin. Wa ya fi wani haƙuri?" Yaya kenan, ba ta taɓa shafa wa magana mai ba. Na kashe wayar.

Na jawo farantin daga ƙarƙashin gado. Ya yi nauyi, ya yi ƙura. Na wanke shi, na huda, na manna ƙwai bakwai da suka tsira, na rage wutar zuwa rabi, na mayar da tukwanen ɗakin Baba, na sauko da fitilar kusa da ganyen. Tsiron zai yi jinkiri, na sani. Da zan rataya, Baba ya buga sandarsa a ƙasa har sau biyu. Ashe na kwantar da haƙarƙarin ne, dole su tsaya a tsaye don iska mai zafi ta samu hanyar hawa. Na gyara. Na rataya fitilar.

Alhamis, 26 ga Yuni

Farantin ɗumi kawai yake yi, kamar kofin shayin da ya huce. Ukun suna nan, ɗaya ya fitar da ganye na huɗu.

Ɗakin ya yi tsit. Yanzu ina jin numfashinsa, yadda yake ja da ƙyar, yake tsayawa, yake dawowa. Ban san ya kai haka ba. Ko na sani. Ba zan ce don haka na zaɓi fanka ba, lissafina na zafi daidai yake.

Yau bayan azahar na zauna duba ganye, ya fara magana. Ta ɗauke shi kusan minti biyar. Cewa yake in rage ba su ruwa, Inna sai ƙasa ta bushe take zubawa. Ban ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba. Na kawo kujerata ɗakin, saboda tsiron.