Awarwaron da Ya Cinye Lambar Saje

Uwani, Enugu.

Zuwa ga kakata, Inna Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da ke, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mutanen gida duk lafiya. Baba yana nan da rumfarsa ta wake a kasuwar Ogbete, ƙafar Umma kuma ta yi sauƙi. Na gama jami'a, Inna, ina jiran kiran bautar ƙasa. Amma ba albishir ne ya zaunar da ni ba. Ƙara na kawo, kuma ke ce wadda ake ƙara.

Akwai wata yarinya, sunanta Rabi. A makaranta muka haɗu, gidansu yana Fegge, a Anacha. Na san me za ki ce: "Maigida, wato sakina ka yi ke nan?" Ki yi haƙuri ki ji sauran.

Baba da Baffa Sani na Fatakwal sun je gaisuwa wajen mahaifinta. Alhaji Bakano ne, a Anacha aka haife shi, amma duk Sallah sai ya kai iyalinsa gida. Ya karɓe su da mutunci. Ya ce yaron ba shi da abin ƙi, sai dai su ba sa ba da 'ya sai sun aika an tambayo asali. "Wane gari ɗan aikena zai sauka?" Baba ya ce Bauchi. Alhaji ya ce ƙasar Bauchi ai faɗi gare ta, wane ƙauye, gidan wa? Baba ya nemi a ba shi lokaci. An ba mu wa'adi zuwa kafin azumi.

Tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya ba.

Na tambayi Baba, ya ce mahaifinsa bai taɓa faɗa ba, shi kuma bai taɓa samun fuskar tambaya ba. Ke ce kika zauna da shi, amma ko sunansa ba ki taɓa kamawa ba. Saje kike ce masa. Ni da na ci sunansa kika mayar da ni Maigida, don kada Audu ya fito daga bakinki. In na matsa miki da tambaya kina tsince shinkafa, sai ki ce, "Soja ne, garinsu bariki. Miƙo mini faifan can."

Abin da na tabbatar kaɗan ne. Ya shiga soja a zamanin Turawa. Ya ƙetare teku zuwa yaƙin Bama, ya dawo, ya ci gaba da aiki har ya kai saje. A nan Enugu aka sallame shi, ya kama gadi. Lokacin da rikici ya tashi kowa ya nufi garinsu, ku a Lafiya kuka tsaya, a gidan haya, da aka gama yaƙin basasa kuka dawo. Wannan ne ya fi damuna. Mutumin da ko gudun rai bai mayar da shi gida ba, me ya baro a can? Ko kuwa babu kowa ne?

Sai na ce bari in nemi takardunsa na aikin soja. An ce a irin waɗannan takardu akan rubuta garin mutum da sunan mahaifinsa. Na bincika yadda ake nema, a nan gida da kuma can ƙasar Turawan. Kowanne yana son cikakken suna, da ranar haihuwa, da shaidar rasuwa, da shaidar cewa mai nema jininsa ne, da lambar soja.

Ranar haihuwa: ke kika ce shekarar da fara ta cinye gero. Shaidar rasuwa: da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi, wa ya tsaya neman takarda? Wannan dai mun je kotu Baba ya yi rantsuwa. Suna kuwa, Audu Bauchi kawai muka sani. Na je ofishin tsofaffin sojoji, wani dattijo mai sanda ya saurare ni ya yi dariya. Ya ce a zamanin su Saje, garin da aka ɗauke ka shi ake liƙa maka. Ko daga ina ka taho, in a Bauchi ka shiga layi, ka zama Audu Bauchi. "Kuma irinsa sun cika bataliya, ɗan nan. Nemo lamba. In yana da farar lambar yabo ta daɗewa a aiki, duba gefenta, a nan ake zana suna da lamba."

Inna, ban san lokacin da na tari keke ba. Na tuna akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonki. Na buɗe, na tarar da lambobin yabo biyu, jajaye, babu suna a jikin ko ɗaya. Baba ya ce ai da uku ne, akwai fara mai rubutu a gefe. Na ce tana ina? Ya dubi Umma. Umma ta ajiye ludayi, ta miƙo mini hannunta.

Awarwaron azurfar nan. Wanda na taso ina jin ƙararsa a bakin tukunya.

Ta ce lokacin aurensu kika ga lefe babu abin hannu, kika ɗauki lambar ba tare da shawarar kowa ba, kika kai wa maƙeri. Da Baba ya yi magana kika ce, "Ƙarfen da ke kwance a ƙasan akwati, wa yake yi wa ado?" Saje da kansa, in ji ta, murmushi kawai ya yi.

Na karɓi awarwaron na fita tsakar gida, ina juya shi a rana, wai ko wuta ta rage ko da lamba ɗaya. Na san babu. Na duba dai. Har yanzu in Umma ta cire shi za ta yi wanki, sai in sake dubawa.

Duk da haka na aika da neman, ba lamba. Sun amsa cikin ladabi cewa za su duba, amma sunan yana da yawa, abin zai ɗauki watanni, kuma ba su yi alkawari ba. Wayata ba ta minti biyar a aljihu ban ciro ta ba. In na gaji da ɗaki in taka zuwa Ogbete, in Baba ya ce zauna, sai in ga na miƙe. Rabi ta ce na rame. Ita ma ta rame, ba ta dai faɗa ba.

Baffa ya kira ni daga Fatakwal. "Kai boko ya ɓata ka. Ka ce Misau mana! Ina da aboki a can, zai karɓi ɗan aiken, ya ce gidansu ne. Wa zai je ya tono?" Na ce zan yi tunani. Kuma na yi, Inna, ba zan ɓoye miki ba, don ina son yarinyar nan. Amma sai na ga ranar da ɗana zai tambaye ni garinmu, in ce masa Misau, shi ma ya gaya wa nasa. Gara shirun Saje da wannan.

Jiya na zauna da Baba a rumfa na gaya masa abin da na yanke. Ya daɗe yana kaɗa wake a mudu, sannan ya ce to. Ranar Juma'a za su koma Fegge, tare da limamin unguwarmu da Malam Tanko mai shayi, wanda ya yi wa Saje wankan gawa. Za su gaya wa Alhaji gaskiya: ba mu san ƙauyen ba, muna nema, in takarda ta zo shi zai fara gani. In kuma yana son ya aika a tambayo mu, ɗan aikensa ya sauka a Enugu. Ya shiga Ogbete ya tambayi wane ne Saje mai gadi. Ya tambayi matan Uwani, Hausawa da Inyamurai, wace ce Kulu da ta karɓi haihuwar 'ya'yansu. Ya je maƙabarta, ke da Saje kuna nan kusa da juna.

Ban san ko zai yarda ba. Zai iya cewa a'a, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Da safen nan Umma ta cire awarwaron ta naɗe a hankici ta ba ni. Ta ce in Allah Ya yi, na Rabi ne. Na riƙe shi, na ji fushin da nake yi da ke ya sauka. Kin narkar da abu ɗaya tak da zai iya kai ni inda ya fito, kin ƙera abin da ya kafa gidan da na fito. Na janye ƙarata, Inna.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Saje da iyayensa da ba mu san sunansu ba, Shi Ya san su. Ya sa ranar Juma'a ta zo mana da alheri, in kuma ba haka ba, Ya ba ni haƙuri irin naki.

Naki har kullum,
Maigidanki, wanda bai sake ki ba,
Audu.