Ba Idona Ba Ne, Dalmar Ce

Damari, ranar Laraba.

Ƙanena Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya Hajiya da yaran? Ni dai tarin bai sake ni ba, tafiya kuma sai da sanda, amma alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, wai in miƙa bindigata adaka ga Sarkin Baka tunda na kuskure gada a gaban maharba. To, ba zan miƙa ba. In ta bar ɗakin nan, wa zai ƙara kirana farauta?

Ba idona ba ne. Matar maƙwabcina mai share mini ɗaki ce ta ga dalmar harsashina a ƙorai biyu, ta juye a ɗaya. Da na yi faɗa ta ce, "Haba Baba, duk ba dalma ba ce?" Mai nauyi da wuri take faɗuwa, marar nauyi kuwa sama take bi. Marar nauyin na ɗura ran nan, ta wuce ta kan dabbar.

Na rataya marafan gwangwani a kara da zare, irin sikelin da aka koya mana a elemantare, na ware ƙwayoyin dalmar ɗaya bayan ɗaya. Sannan na aika wa Sarkin Baka ya zo yau ya kafa tsohuwar ƙwarya inda ya ga dama. In na kuskure, ya tafi da bindigar.

Gaida mutanen gida, ku sa ni a addu'a.

Tun hantsi na shimfiɗa wa Sarkin Baka tabarma. La'asar ta wuce, bai zo ba. Bindigar tana wurina.

Yayanka,
Malam Iro