Takalmin da Nabilah Ta Aiko

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Takalmin ya iso. Nabilah ta ba wata ƙawarta da ta zo hutu daga Amurka ta kawo mini. Shi ne abu na farko da 'yata ta saya mini da guminta, daga ɗan aikin da take yi a ɗakin karatun jami'arsu. Baƙi ne, sau-ciki, fatar sai sheƙi take. Da ta tambaye ni lambata a waya watan jiya, ban ko tsaya tunani ba na ce tara. Tara nake sawa tun ina saurayi.

Umma tana tsaye ina gwadawa, ta ce kamar da ƙyar ƙafar ta shiga. Na ce sabo ne, zai saki. Ta ce likita dai ya ce mai ciwon suga ya kula da abin da yake sa wa ƙafarsa. Matar nan tawa, ko atishawa na yi sai ta ce suga ne.

Ni dai ban ji ya matse ni ba, ko kaɗan.

Laraba, 9 ga Yuli

Jiya da yau da shi na je ma'aikata. Lif ta lalace, na yi ta hawa da sauka da fayil, ga tsayuwa a taro. An yaba takalmin, ni kuwa duk wanda ya yaba sai ya ji tarihin Nabilah tun daga firamare. Na tura mata hoto. Ta ce, "Abba, ka zama ɗan gayu."

Alhamis, 10 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

A masallacin ma'aikata ne, sallar azahar. Da alwalata tun ta gida, saboda haka ban cire safa ba. Abdulmajeed, mataimakina a ofis, yana sahun bayana. Ana sallamewa ya matso ya ce a hankali, "Yallaɓai, kamar akwai jini a safarka."

Na yi dariya na ce ai jar ƙasar Abuja ce. Na koma ofis na kulle ƙofa. Safar ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan roba ta fita. Ɗan ƙaramin yatsan ƙafar hagu ne. Ya yi bororo ya fashe, fatar gefensa ta saluɓe, ga nama ja a fili.

Ba jinin ne ya ɗaga mini hankali ba. Na sa hannu na danna wurin da ƙarfi, ina kallo da idona, ban ji komai ba. Na sake dannawa. Kamar ƙafar wani nake taɓawa.

Na naɗe da tishu na mayar da takalmin, don ba ni da wani a ofis. Ban gaya wa Umma ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Buɗaɗɗen takalmi na sa, na ja wando ƙasa. Na ce wa Umma ai yau ranar manyan kaya ce.

Lahadi, 13 ga Yuli

Da Umma ta tafi islamiyya na ɗauko takalmin na leƙa cikinsa da tabarau. Lambobi uku ne a jere: US 9, UK 8, EU 42. Na jawo tsohon nawa: UK 9, EU 43.

Na duba a waya. Ashe taran Amurka takwas ce a Ingila, ko takwas da rabi, ya danganta da kamfani. Ni taran Ingila na sani, ita kuwa yarinya ta shiga kanti a Amurka ta ce a ba ta tara, aka ba ta tasu. Ba wanda ya yi ƙarya. Duniya ta yarda da awo ɗaya na fetur, ta yarda da agogo ɗaya, amma ƙafar ɗan Adam kowa da tasa lambar. Na yi ta faɗa ni kaɗai a falo kamar akwai mai ji.

Da mai lafiya ne, tun kafin ya kai mota zai cire ya ce ya matse. Ni na kwana biyu da rabi a cikinsa ina yi wa mutane murmushi.

Yaya Farouk nake ta tunani. Shi ma suga. Shi ma da yatsa aka fara, ƙusar akwatin lemo ya taka a kasuwar Zuba bai sani ba. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Yanzu daga gwiwa zuwa ƙasa babu. Tun da aka sallamo shi, idan na je gaishe shi fuskarsa kawai nake kallo.

Na wanke ciwon da ruwan gishiri na sa man kyamis. Allah ka rufa mini asiri.

Talata, 15 ga Yuli

Ciwon ya fara wari. Tun da safe nake ji, na yi ta fesa turare ina ce wa kaina damina ce.

Da na dawo daga aiki na tarar da Umma zaune a bakin gado, safunan da na ɓoye a bayan durowa suna kan cinyarta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta durƙusa ta kwance tsumman da na ɗaure yatsan da shi da kanta. Ina jira ta yi faɗa, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Ta daɗe tana kallo. Yatsan ya kumbura ya yi duhu, ja ya fara hawa bayan ƙafar.

"Baban Nabilah, tashi mu tafi," ta ce. Muryarta ko rawa ba ta yi. Ita ta tuƙa.

Laraba, 16 ga Yuli

Sun kwantar da ni. Ƙarin ruwa a hannu, maganin kashe ƙwayar cuta ta jijiya.

Nas ɗin da ke kula da ciwon sunanta Sista Perpetual, 'yar Filato, doguwa, ba ta da wasa amma hannunta da sanyi. Ta zo da wani siririn abu kamar gashin tsintsiyar roba, ta ce, "Baba, ka rufe ido. In ka ji na taɓa ƙafa, ka ce yes." Na rufe. Ina ta jira ta fara. Har na ƙosa na ce, to bismilla mana.

Sai Umma ta ce, "Ai ta gama."

Na buɗe ido, Umma tana kallon bango. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko ranar da muka yi haɗari a hanyar Kaduna.

Likita ya zo ya zura wani ɗan ƙarfe a ciwon, bai ji daɗin abin da ya taɓo ba, na gani a fuskarsa. Ya ce a yi hoton ƙashi. Sannan ya ciro biro ya zagaye iyakar jan da layi a kan fatata. Ya ce idan ja ya tsaya a cikin layin, magani yana ci. Bai faɗi ɗaya ɓangaren ba, ni ma ban tambaya ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Aikina yau kallon layin biro. Ina ɗaga bargo in leƙa, in rufe, in sake ɗagawa. Sista Perpetual ta ce idan ban bari ba za ta ɗaure bargon da gado.

Asabar, 19 ga Yuli

Nabilah ta kira. Na ƙi kunna bidiyo, na ce sabis ne ba kyau. Ta tambaya ko ina sa takalmin. Na ce har an fara yi mini hassada. Ta yi dariya irin tata, ni kuwa ina kallon robar ruwa tana ɗiga.

Da yamma Yaya Farouk ya zo, tun daga Zuba, da sandunansa. Tun daga baranda na ji ƙarar su. Ya zauna ya jingine su, ya ajiye ledar gwanda, ya ce a buɗe ya gani. Ya kalla kamar mai duba kaya a kasuwa, sannan ya kira ni da sunana na gida.

"Nababa, duk abin da suka ce a cire, ka ce su cire. Ni gardama na tsaya yi."

Wannan karon na kalli inda wandonsa yake naɗe da fil. Ban iya cin abinci ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Ja ya tsallake layin. Kaɗan ne, amma ya tsallake. Na ce wa Umma ko dai biron ne ya goge.

Hoto ya nuna cutar ta shiga ƙashin yatsan. Likita ya ce gobe za su cire shi don a tsirar da sauran. Na ce yatsan kawai? Ya ce in sha Allahu, abin da suke fata ke nan, amma sai sun buɗe za su san iyakarta. Takardar da na sa wa hannu ta ba su izinin su wuce yatsa idan ta kama. Ni da nake sa hannu a takardun gwamnati kullum ko a jikina, yau da ƙyar na gane sunana.

Saboda takalmi. Saboda lamba ɗaya.

Talata, 22 ga Yuli

Sun ce kada in ci komai. Umma tana ta jan carbi. Ina kallon yatsun nan biyar kamar ban taɓa ganinsu ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Da na farfaɗo ban yarda na kalli ƙasa ba. Na kama hannun Umma na ce ta gaya mini gaskiya, daga ina aka yanke. Ta ce yatsan ne kawai da ɗan abin da ke bayansa. Na ce ta rantse. Ta rantse, sannan ta yaye bargon ta ce in duba da kaina. Ga dunduniya, ga idon sawu, ga babban yatsa ya leƙo ta bandeji. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Umma ta gaya wa Nabilah. Na ji haushi, amma ta ce gara ta ji daga bakinmu. Yarinyar ta kira tana kuka da shessheƙa, wai ta duba jadawalin lambobi yanzu, wai da ta tambaye ni ta wace ƙasa nake nufi, wai ita ta jawo. Na bar ta ta gama.

Na ce, "Nabilah, takalmi yana matse kowa a duniya. Ƙafar da ba ta faɗa ba ita ce ba lafiya, kuma tun kafin ki saya take haka."

Ban sani ba ko ta yarda. Ni kaina a lokacin na fara jin maganar.

Laraba, 6 ga Agusta

Ina gida. Duk ranar wankin ciwo ba na iya karyawa sai an buɗe an ce yana kyau. Yau Sista Perpetual ta ce nama yana tahowa. Na tambaye ta ko ƙafar dama ma haka za ta yi wata rana. Ta ce wannan yana hannuna da na Allah.

Ta ce in manta da lambar tara. Ƙafa tana baje da shekaru, suga kuma yana kumbura ta. Idan na warke, in tsaya a kan kwali da yamma, lokacin da ƙafa ta fi cika, a zana kowace ɗaya a yanke. In je da kwalin wurin mai takalmi in zura a ciki. Idan ya lanƙwashe, in ajiye takalmin, ko lamba nawa aka rubuta.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na yi mafarkin ina neman takalmina a ƙofar masallaci, duk na ƙafa ɗaya ne.

Asabar, 13 ga Satumba

Ciwo ya rufe. Jibi zan koma aiki, ba ni da abin sawa.

Bayan la'asar muka je kasuwar Gudu, shagon wani Zacharias da maƙwabcinmu ya kwatanta. Na fito da kwalayena biyu daga jakar Umma, kunya kamar ta kashe ni. Shi ko a jikinsa, ya ce, "Oga Alhaji, ka yi dabara. Wannan lamba duk wahala ne. Italiya 44 ƙarami ne, na China 45 wani lokaci ko yaro ba zai shiga ba." Ya yi ta sauko da kaya muna zura kwali. Masu kyan duk suka lanƙwashe shi, har wani mai ruwan ƙasa da raina ya biya. Wanda kwalin ya kwanta a cikinsa lafiya wani ƙato ne mai igiya, bakinsa faffaɗa kamar burodi. A jikinsa an rubuta 45, ni da nake 43.

Na sa, na ɗaure, na taka zuwa bakin shago na dawo.

"Yaya ka ji shi, oga? Ya yi?"

Har na buɗe baki zan ce ya yi. Akwai mutane a shagon, wasu samari biyu da wata mata da 'yarta. Sai na ji na ce, "Ni ba na ji. Tambayi Hajiya."

Umma ta tattare mayafinta ta durƙusa a kan simintin nan a gaban kowa. Ta sa babban yatsanta ta danna bakin takalmin tana neman inda yatsuna suka tsaya, yadda ake yi wa yaran da za a kai makaranta. Ta bi gefe da gefe, ta zura yatsa ta bayan dunduniya. Ta ce in cire. Ta tuɓe mini safa ta duba fatar ko ta yi ja, ta shafa cikin takalmin ko akwai ɗinkin da zai goga. Sannan ta ce na dama ya yi, na hagu a sake sa mata ta gani. Na sake sawa.

Mun saya. Muni dai yana da shi, Abdulmajeed zai sha dariya a ɓoye.

A mota ta ce daga yanzu kullum da safe sai ta duba mini tafin ƙafa da tsakanin yatsu kafin in sa safa. Na ce sai ka ce wani jariri. Da muka iso gida ni na jawo ƙaramar kujerar kicin na ajiye a gefen gado, wajen da haske yake shigowa.