Baba Ya Ƙi Sauka Daga Tudu

Zuwa ga yayana, Ada Mital, a birnin Maskat.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Adi Bakhtawar da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya kare ku daga irin abin da muke gani. Mu dai da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Wayoyinmu duk sun mutu, shi ya sa na ba wani mai kwalekwale wannan takarda ya kai gari a ɗauki hotonta a turo maka.

Ada, ƙauyenmu babu shi. Ruwa ya shigo ta gonar auduga, ya narkar da gidanmu kamar gishiri. Gadajen igiya biyu muka tsira da su, da tukwane, da dabbobi. Muna kan tsohon tudun nan na bayan maƙabarta, wanda Baba yake hana mu hawa muna yara, mu da sauran gidajen unguwa, kowa a ƙarƙashin leda. Ko'ina ka duba ruwa ne kore, ba ya tafiya, sauro kuma ko da rana ba ya ɗaga mana ƙafa. 'Yata Nuran ta kwanta da zazzaɓi. Ka san tun rasuwar babanta ita kaɗai gare ni. Idonta ya yi rawaya, abin da ta ci ba ya zama.

Ruwan saman ya zaizaye gefen tudun, sai ga jerin jan tubali gasasshe ya fito, da bakin rijiya, da wata magudanar ruwa mai murfi. Ka san Baba da darasin tarihin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a makaranta. Da ya ga tubalan nan sai ka ce an mayar masa da aji. Ya tara mu, mu da ba mu karya ba, yana cewa wannan aikin mutanen Harappa ne na zamanin da, masu gina gari a jere kamar haƙoran mataji, kowane gida da wurin wanka, masu noma alkama da auduga, masu huda duwatsun ado suna kaiwa bayan teku. Ya ce sun san halin kogin nan namu na Sindu, shi ya sa suka ɗaga gininsu sama, ga shi yau a kan aikinsu muka tsira. Da na zaro tubali zan kafa murhu, faɗan da ya yi mini ko ranar da na ƙona masa rawani bai yi irinsa ba.

Ƙanenmu Sumar ne ya kasa haƙuri. Ɗan maraƙi ya riga ya mutu, kofaton shanu ya fara ruɓewa a laka, ciyawa babu. Ya ce zai kora dabbobin ta kan ganuwar kogi ya yi gabas, inda ƙasa ta bushe, mu duka mu bi shi, don zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Baba ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya ce mu jinin masu tubali ne, ba irin mutanen Weda ba da suka zo daga baya da dawakai da karusai, dukiyarsu saniya, ɗakinsu itace da ciyawa, yau nan gobe can, suna zuba man shanu a wuta suna roƙon ruwa da ɗiya maza.

Sumar bai taɓa mayar wa Baba magana ba, amma ran nan ya mayar, kuma da darasin Baban ya doke shi. Ya ce ai Baba da bakinsa ya koya musu cewa masu tubalin sun watse, rubutun da ke kan hatimansu har yau ba wanda ya iya karantawa, ko sunan mutum ɗaya cikinsu ba a sani ba. Su kuwa masu shanun, da ba su bar ko bango ba, waƙoƙinsu na baka har gobe ana rera su. Ya ce, "Baba, tubali ba ya jin yunwa, mu muna ji." Baba ya juya masa baya. Da safe Sumar ya zo ya taɓa ƙafafunsa yana neman albarka, Baba bai ɗora masa hannu a ka ba. Haka yaron nan ya tafi yana share ido da gefen mayafi.

Ya so ya bar mana baƙar ɓaunar nan da muke kiwo, mai yawan nono, saboda Nuran, ni na ce ya tafi da ita, don a nan mutuwa za ta yi. Yanzu ko madarar shayi ba mu da ita. Baba ya rame, tari ya kama shi, yana wuni a bakin tsohuwar rijiyar yana korar masu ɗibar tubali da sanda. Maƙwabta da suke kiransa Sa'in, wato babban malam, suna rusunawa, yanzu kauce masa suke yi. Na gane ba tubalin ne kaɗai ya riƙe shi ba. Kabarin mahaifiyarmu yana ƙarƙashin ruwan nan, daga inda yake zama ana hango kan bishiyar da ke gefensa. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Ada, ni ban san su wane ne kakanninmu ba, masu tubali ko masu shanu, kuma wallahi a yau bai dame ni ba. Mai kwalekwalen ya ce akwai likitoci a sansanin da aka kafa a gari, zai dawo ranar Juma'a. Na yanke shawara zan sa Nuran a ciki. Na durƙusa na roƙi Baba ya biyo mu, ya ce in tafi, Allah ya ba ta lafiya, shi yana nan. In na zauna zan rasa 'yata, in na tafi ban san wa zai ba shi ruwan sha ba. Kai ne babba, maganarka kaɗai yake ji. Mai kwalekwalen zai zo da waya mai caji, lambarsa tana bayan takardar nan. Don girman Allah ka kira ranar Juma'ar da hantsi, kada ka yi masa gardamar tarihi, ba za ka ci ba. Ka ce masa kawai kai ne kake roƙo. In ya ƙi, zan shiga kwalekwalen, kuma ina so ka sani tun yanzu, don kada wata rana ka tambaye ni yadda aka yi na bar shi.

Ka gaishe mini da Adi Bakhtawar, da yaranka Arbab da ƙaramar Zulekhan, ka ce su sa mu a addu'a. In Sumar ya neme ka, ka gaya masa Baba yana tambaya ko shanun sun sami ciyawa.

Wassalam. Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Hajran