Kan tarho a cikin jakata

Laraba da dare, Agusta 1997

Yau saura ƙiris in zagi Shef Lawali, shugabanmu a wurin aiki, a gaban mutane.

Tun da iska ta kayar da sandar tarho a hanyar Maradi, awon ruwan sama na garuruwan Safo da Sarkin Yamma ya taru a ordinata, wato kwamfuta, ba hanyar aika shi Yamai. Da layi ya dawo, sai na ga injin sabon awo kaɗai yake turawa, yana tsallake na baya. Na wuni ina gyara masa tsari kafin ya yarda ya fara daga tsohon. A tsohon kuwa ake ganin yadda ruwa ya ɗauke wa Sarkin Yamma har hatsi ya ƙone. In Yamai ba su gani ba, mutanen nan ba za su samu taimakon abinci ba.

Layi ɗaya gare mu a biro, wato ofishinmu, da tarho da ordinata duk a kansa suke. Aiki ya kusa ƙarewa sai Shef ya ɗaga tarho, wai zai tambayi ƙanensa ko motar wake ta ƙetare iyaka. Komai ya katse, ya koma farko.

Na ce, "Haba Shef, ai na roƙe ka kar ka taɓa!"

Ya ce, "Injin naki ba shi da haƙuri ne?"

Ko kallona bai yi ba.

Gobe da sassafe zan sake turawa. Kan tarhon kuwa na cire shi da zan taho, ga shi nan cikin jakata. Waken ƙanensa ya yi haƙuri.