Waƙar Rakiyar Mamatanmu a Tallan Sabulu

Zuwa ga Mai Girma Manajan Gidan Talabijin,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni tsohuwar malamar firamare ce a Kagoro, kuma ba na bari wasan kwaikwayonku na yammacin Lahadi ya wuce ni, wannan da ke nuna yadda 'yan kamfanin talla suke aiki a zamanin iyayenmu.

Na farko, yabo ne, kuma kun cancance shi. Tare da mahaifiyata nake kallo. Ta haura tamanin, amma in aka ɗauke wuta ita ke fara neman wanda zai tayar da janareta. Kashin da kuka kawo 'yan talla tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya faranta mana rai ƙwarai, don a tashar marigayi babana ya yi aiki. Motar nan mai lasifika a ka, da ƙananan sabulai da ake jefa wa jama'a ana wawaso, da mai kanti da ke ta mita an tare masa ƙofa, duk Mama ta ce haka aka yi. Har ta dage wai ta san mai kantin. Na daɗe ban ga ta yi dariya irin ta ranar ba.

Na biyu, nan ne kukana. A ƙarshen kashin kun nuna mata sanye da anko suna buga tulu, suna rawa suna yabon sabulu. Kalmomin naku ne, amma karin waƙar namu ne. Ita matan zumunta suke yi idan an ɗauko gawa daga coci za a nufi kabari. Ba a yin ta a biki, ba a yin ta a godiyar girbi. Da ita muka raka babana, kuma Mama ta daɗe da gaya mana cewa da ita take so a raka ta.

Ban ce da gangan kuka yi ba. Na san wani ne ya ji karin ya yi masa daɗi, bai tambayi ko tsohuwa ɗaya ba. To, ga abin da ya biyo baya. Yanzu 'yan acaɓa suna rera ta da fito a bakin kasuwa. Kwanan baya mun je jana'izar wata ƙawar Mama a Gidan Waya. Da mata suka ɗauki waƙar, sai na ga matasa a baya suna toshe baki suna ƙunshe dariya, wata ma bakinta ya suɓuce ta ambaci kumfa. Raina ya ɓaci.

Na uku, roƙona. Ku sauya wannan kari kafin ku maimaita kashin, ku kuma cire shi daga sanarwar shirin da kuke sakawa kullum. Idan waƙar murna kuke so, ku zo Kagoro, matan zumunta za su yi muku har ku gaji, ku ci tuwon acca ku koma.

Ba mu yi fushi ba, har yanzu Mama ke riga kowa zama gaban talabijin. Sai dai ta ce ba za ta mutu ba sai an manta da sabulun nan. Ni hakan ya yi mini, amma ranka ya daɗe, ba ita ke da ikon zaɓen ranar ba. Ku taimaka ku hanzarta.

Ubangiji ya ƙara maka hikima, ya albarkaci aikin hannuwanku, ya kiyaye ku a shiga da fita.

Wassalam.

Taku mai kallo,
Malama daga Kagoro